Kuɗin ƙari a gidajen abinci

Kuɗin ƙari shi ne abin da gidan abinci yake ɗora wa mai saye a kan farashin abincin da ya zaɓa, saboda wani ɗan abu da ya biyo kwanon: ƙarin miya, bama, kecop, yankan cuku, ƙwai, burodi, madarar shayi, ko robar da za a zuba masa abincin ya tafi da shi. Ba haraji ba ne, domin ba aljihun gwamnati yake shiga ba, kuma ba tukuici ba ne, domin ba don ra'in kansa mai saye yake bayarwa ba. Kuɗin ba ya da yawa idan aka gwada shi da farashin abincin, amma yana cikin abubuwan da suka fi jawo cacar baki wajen biya. Dalili kuwa babu ƙa'ida guda da ta raba abin da yake cikin kwano da abin da yake ƙari. Al'adar gari ce take rabawa, a wasu ƙasashen kuma doka.

Ire-irensa

Akwai ƙarin da mai saye yake nema da bakinsa, kamar ƙwai na biyu ko ƙarin nama. Wannan bai cika kawo rigima ba muddin an faɗi kuɗinsa. Akwai wanda ake ajiye wa mutum a tebur ba tare da ya nema ba, kamar kwandon burodi ko ɗan farantin zaitun, sai ya gan shi a rasit. Na uku shi ne wanda ake ɗorawa a kan jimillar rasit ko a kan kowane mutum da ya zauna, da sunan hidima, ko kujera, ko tsadar wani kayan haɗi. Yawancin dokokin da ƙasashe suka yi a kan wannan batu, na biyu da na uku suka nufa.

Lissafin mai gidan abinci

A wannan sana'a an saba ƙoƙarin kada kuɗin kayan haɗi ya wuce kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na farashin da ake sayar da kwano. Sauran shi ne na haya, albashi, gas, man janareta, da ribar da ta rage. Kayan ɗanɗano kuwa sun fi komai saurin zillewa daga wannan lissafi, don ba a cika auna su ba. Mai girki yana ƙirga yankan kaza, amma da wuya ya ƙirga cokalin bama.

Hanyar gano ainihin kuɗinsu ba ta da wuya. Ana fara tsayar da awo guda, a ce ɗan kofin roba mai cin mililita 30. Kwalbar lita 1 a takarda za ta ba da kofi 33, amma a aikace kusan 30 ake samu, saboda abin da yake maƙalewa a jikin kwalba da cokali da wanda yake zuba. A ɗauka, don misali kawai, an sayi kwalbar naira 6,000. Kowane kofi ya tashi naira 200 ke nan, idan aka haɗa da kofin da murfinsa a naira 30 ya zama 230. Gidan da yake sayar da kwano 200 a rana, rabin masu saye kuma suna neman bama, yana kashe naira 23,000 kullum a kanta, wato 690,000 a wata.

Daga nan zaɓi uku ne a gabansa. Ko ya haɗiye asarar, ko ya raba ta a kan kowane kwano ya ƙara naira 115 ga kowa har da wanda bai taɓa bama ba, ko ya caji wanda ya nema kawai. Idan ya zaɓi na ukun, ba zai iya bin ƙa'idar kashi 30 ba, don za ta kai ɗan kofin kusan naira 770, ba kuma wanda zai biya haka. Shi ya sa akan tsayar da farashin kayan ɗanɗano kusa da kuɗin sayensu. Abin da ake samun riba sosai a kansa shi ne ƙari irin su cuku, ƙwai da lemon kwalba, waɗanda ba sa buƙatar wani aiki na daban a kicin.

Ɓarna ma tana cikin lissafin, wani lokaci ta fi abin da aka ci. Duk abin da ya je tebur a buɗe ba ya komawa tukunya, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Miyar da aka haɗa da ƙwai ko madara ba ta wuce awa 2 a waje da firij, idan zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1 ne, bisa ƙa'idar hukumomin lafiyar abinci na Amurka. A garin da zafinsa yake kai 40 da bazara, wannan yana nufin zubar da abu da yawa. Ƙananan ledojin kecop masu giram 9 sun rage wannan matsala, sai suka kawo wata: idan aka bar su a kan kanta kyauta, mutane suna dumbuza su zuba a aljihu, ma'aikaci ma yana cusa biyar a ledar wanda zai yi amfani da ɗaya. Gidaje da yawa ba don riba suke sa musu kuɗi ba, sai don mutum ya ɗauki iya abin da zai ci.

Dalilin raba farashi

Ban da tsada akwai dabarar kasuwa. Mai saye farashin da yake rubuce da manyan lambobi yake riƙewa a kansa, da shi yake gwada wannan gida da wancan. Wani bincike da Vicki Morwitz da abokan aikinta suka buga a 1998 ya nuna cewa idan aka raba farashi gida biyu, babba da ɗan ƙari, mutane sukan tuna jimillar a ƙasa da yadda take, sukan kuma fi saye. Wannan ne ya sa gidan abinci ya fi son ya bar farashin kwano yadda yake ya sa wa miya kuɗi, a kan ya ƙara farashin kwanon kowa ya gani.

Wani dalilin shi ne tsadar da ake sa ran za ta wuce. A watan Fabrairun 2025, lokacin da murar tsuntsaye ta tsauwala farashin ƙwai a Amurka, kamfanin gidajen abinci na Waffle House ya ɗora sent 50 a kan kowane ƙwai, ya cire bayan 'yan watanni da farashin ya sauko. Cire irin wannan ƙari ya fi sauƙi a kan sake buga takardun jerin abinci sau biyu. Akan kuma janye ƙari idan ya zama abin da kusan kowa yake nema. Kamfanin shagunan gahawa na Starbucks ya daina cajin ƙari a kan madarar waken suya da ta alkamar oat da makamantansu a shagunansa na Amurka da Kanada daga 7 ga Nuwamban 2024, bayan shekaru ana ƙorafin cewa ana cin tarar waɗanda madarar shanu take ɓata wa ciki.

Yadda yake a wasu ƙasashe

A Italiya akwai kuɗin da ake kira coperto, yawanci yuro 1 zuwa 3 a kan kowane mutum da ya zauna, na shimfiɗar tebur da cokula da burodi. Halal ne a doka matuƙar an rubuta shi a takardar jerin abinci. Yankin Lazio, inda birnin Rum yake, ya haramta shi a wata doka ta 2006, sai gidaje da dama suka koma rubuta kuɗin burodi ko na hidima a madadinsa. A bazarar 2023 rasit ɗin wani shago a bakin tafkin Komo ya zagaya duniya, saboda an caji yuro 2 don raba burodi gida biyu.

A Fotugal ana kawo burodi da zaitun da bota tun kafin mutum ya zaɓi abinci. Wata dokar ƙasar ta 2015 ta ce ba a cajin abin da mai saye bai nema ba, sai in ya ci ko ya ɓata shi, don haka wanda ba ya so sai ya ce a ɗauke. Faransa ta bi ta wata hanyar: tun wata dokar farashi ta 1967 aka ɗauki burodi, ruwan famfo, gishiri da barkono da kayan tebur a matsayin abin da yake cikin kuɗin abinci, kuma farashin da aka rubuta ya haɗa da hidima. Sifaniya ta wajabta bayar da ruwan famfo kyauta a 2022, amma gidajenta suna iya cajin burodi idan sun rubuta. A Jamus kuwa ba baƙon abu ba ne a biya kuɗin ledar kecop ko bama a shagunan abincin gaggawa, abin da ba'amurke yake ɗauka kyauta a garinsu.

A mashayun cin abinci na Jafan ana ajiye wa kowa ɗan farantin abin taɓawa da ake kira otoshi, wanda yakan kai yen 300 zuwa 500, a matsayin kuɗin zama. Maƙwabciyarta Koriya ta Kudu akasin haka take: ƙananan kwanukan kayan lambu da suke rako shinkafa kyauta ne, idan sun ƙare a ƙaro.

Indiya ta fi fama da kuɗin hidima. Hukumar kare masu saye ta ƙasar ta hana ɗora shi kai tsaye a rasit a watan Yulin 2022, masu gidajen abinci suka kai ƙara, babbar kotun Delhi ta tabbatar da hanin a watan Maris na 2025. Jihar Kalifoniya a Amurka ta yi dokar hana ɓoyayyun caji da ta fara aiki 1 ga Yulin 2024, amma ana saura kwanaki kaɗan aka tsame gidajen abinci, da sharaɗin su rubuta kowane ƙari a fili.

A ƙasar Hausa

A nan iyakar a sarari take ga ɗan gari, ko da ba a rubuta ta ko'ina ba. Mai tsire da mai balangu ba sa karɓar kuɗin yaji, albasa, tumatir ko kabeji, kuma wanda ya ce a ƙara masa yaji ba ya jin nauyin faɗa. Mai tuwo malmala take sayarwa, miya tana biye da ita, nama kuma yanka-yanka ake saye, haka man shanu idan ana so a ɗiga. A garau-garau mai da yaji suna cikin kuɗin shinkafa da wake, amma salak, dafaffen ƙwai da kifi kowanne da kuɗinsa. Teburin mai shayi ne aka fi ganin farashi daki-daki: ruwan bunu da kuɗinsa, madara da nata gwargwadon rabin gwangwani ko cikakke, Milo ko Bournvita, burodi, bota ko bama, Indomie da yawan ƙwan da aka fasa. Ba a jin rigima a wurin, domin mai saye yana kallo ake zuba komai, shi yake cewa a ƙara ko ya isa.

Ga kuma gyara, wadda take tafiya a kishiyar kuɗin ƙari. Mai ƙosai ko mai awara takan jefa ɗaya ko biyu a kan na kuɗin mutum, mai nama ya ɗora ɗan yanka. Inda aka saba da haka, cajin cokalin miya rowa ake ɗaukarsa. Saboda haka idan kayan miya suka yi tsada, kamar a 2016 da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, masu abincin bakin titi ba su cika sa wa miya kuɗi ba. Miyar ce take tsinkewa, ludayi ya ƙanƙance, yanka ya sirance. Ƙarin yana nan, a cikin kwano aka cire shi maimakon a aljihu.

Manyan gidajen abinci na zamani a birane su ne suka shigo da caji a rubuce. Wanda aka fi gani shi ne kuɗin robar tekawe, sai ƙarin salak da miya. A kan wannan akwai harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Najeriya a watan Fabrairun 2020, a Legas kuma da harajin jiha na kashi 5 a kan abin da aka ci a otal da gidan abinci. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta nuna farashin kaya, ta kuma hana a karɓi fiye da abin da aka nuna.

Inda ake samun matsala

Babbar matsala ita ce tambayar da ba ta ɗauke da farashi. Ma'aikaci ya ce "A sa miki cuku, Hajiya?", ta ce a sa, a zatonta cikin abincin yake. Maganinsa kalma biyu ce a ƙarshen tambayar, wato kuɗin, amma ma'aikata da yawa suna jin nauyin faɗa, wasu kuma an hore su kada su faɗa.

Ta biyu rashin daidaito. Idan mai aikin safe yana bayar da ƙarin miya kyauta, na dare yana caja, mai saye zai ɗauka na daren ne ya cuce shi. Gidajen da suka iya aiki suna tsayar da ƙa'ida a rubuce, misali kofi ɗaya kyauta da kowane kwano, na biyu da kuɗi, su sa wa kowane ƙari maɓallinsa a na'urar rasit don kada wani ya ƙiyasta da ka. Suna kuma amfani da ludayi ko kofi mai awo guda, domin wanda ya biya kuɗin miya aka ba shi rabin kofi ya fi wanda ba a ba shi komai ba fushi.

Akwai kuma kwanon da ba ya ciwuwa sai da ƙarin. Idan farar shinkafa ta zo ba miya, ko soyayyen dankalin turawa ya zo a bushe ba abin dangwalawa, farashin da aka rubuta ba shi ne na gaskiya ba, kuma irin wannan ne hukumomin kare masu saye suke kallo a matsayin yaudara. Manhajojin kai abinci gida sun ƙara faɗaɗa abin, domin a cikinsu kowane ɗan abu yana da akwatinsa da kuɗinsa, gidajen kuma sukan ɗaga farashin don su mayar da kamashon da manhajar take cira. Mai saye ba ya ganin jimillar sai a shafin ƙarshe, bayan an haɗa roba, kuɗin ɗan aike da haraji. Birtaniya ta hana irin wannan tsiyayar farashi daga watan Afrilun 2025, inda ta wajabta a sa duk cajin da ba makawa sai an biya shi cikin farashin da aka fara nunawa. Ƙarin da mutum yake da zaɓin ƙi, kamar ƙarin cuku, bai shiga cikin hanin ba.