Fasahar OCR: Gane Rubutu daga Hoton Takarda

OCR fasaha ce da kwamfuta ke amfani da ita wajen gane haruffan da ke cikin hoton takarda, ta mayar da su rubutun da za a iya bincikawa, a kwafa, ko a gyara. Dalilin buƙatarta shi ne, abin da na'urar sikanin takardu ke fitarwa hoto ne kawai, wato tarin ɗigo-ɗigo masu duhu da haske, kuma kwamfuta ba ta san cewa wani gungu na ɗigon nan harafi ne ba. Saboda haka mutum yana iya ajiye shafi dubu na takardun kotu a kwamfutarsa, ya nemi suna guda a cikinsu ya rasa, alhali sunan yana nan ɓaro-ɓaro a kan allo.

Tunanin ƙera injin da zai iya karatu ya girmi kwamfutar zamani. A 1929 Gustav Tauschek, ɗan ƙasar Ostiriya, ya yi rajistar wani injin karatu a Jamus, sannan a 1951 David Shepard ya haɗa nasa a Amurka. Injinan farko ba sa gane kowane irin bugu, don haka aka zana musu haruffa na musamman, kamar OCR-B da Adrian Frutiger ya tsara a 1968, wanda har yau da shi ake buga layuka biyun da ke ƙasan shafin bayanai na fasfo. A 1976 Ray Kurzweil ya fito da na'urar da ke karanta wa makafi littafi da murya. Daga cikin manhajojin da aka fi amfani da su yanzu akwai Tesseract, wadda kamfanin Hewlett-Packard ya fara ginawa a shekarun 1980, aka sake ta kyauta a 2005, kuma tana karanta harsuna fiye da 100.

Aikin yana farawa ne tun daga ɗaukar hoton, kuma yawancin nasara ko rashinta a nan take ƙulluwa. Abin da aka saba ba da shawara a kai shi ne ɗigo 300 a kowane inci, domin ƙasa da haka ƙananan haruffa sukan cuɗe da juna. Daga nan manhaja takan miƙe shafin da ya karkace, ta share tabo da datti, ta raba tawada da farin takarda, sannan ta tantance ina rubutu yake, ina hoto, ina jadawali. Wannan mataki yana da wuya a shafin jarida, domin idan manhajar ta tsallaka daga wani ginshiƙin rubutu zuwa na kusa da shi, sai labarai biyu su gauraye su zama shirme. Tsofaffin manhajoji suna kwatanta kowane harafi da siffofin da aka ajiye musu, na yanzu kuwa sukan karanta layi guda gaba ɗaya bisa horon da aka yi musu da ɗimbin misalai, su kuma dogara da sanin kalmomin harshen wajen warware abin da ya shige musu duhu.

Galibi akan ajiye sakamakon a fayil ɗin PDF mai hawa biyu: hoton shafin yana sama inda ido ke gani, rubutun da aka gano yana ɓoye a ƙarƙashinsa, kowace kalma daidai da wurinta. Tsari ne mai kyau, tunda yana kiyaye kamannin takardar asali da hatiminta da sa hannunta, amma yana ɓoye kuskure. Mai karatu yana ganin shafi lafiya lau, bincike kuwa yana gudana ne a kan rubutun da bai gani ba. Ko da manhaja ta gane kashi 99 cikin 100 na haruffa, shafi mai haruffa 2,000 zai fito da kurakurai 20, kuma idan ɗaya ya faɗa a kan suna ko lamba, mai nema zai ɗauka babu abin a cikin kundin. Shi ya sa manyan ayyuka ke haɗawa da gyaran hannu. Ɗakin karatu na ƙasar Ostareliya, alal misali, ya buɗe wa jama'a damar gyara rubutun tsofaffin jaridu a dandalinsa na Trove.

Rubutun Hausa yana da tasa matsalar, wadda ta cancanci kulawar masu adana takardu. Manhajar da aka horar da Ingilishi kaɗai ba ta san ɓ, ɗ da ƙ ba, sai ta mayar da su b, d, k ko wata alama daban, ƙafa ta koma kafa, kuma wanda ya rubuta kalmar daidai a wurin bincike ba zai same ta ba. Wannan ya shafi duk mai son mayar da tsofaffin bugu irin na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, abin bincikawa. Takardun ajami sun fi haka wuya, domin rubutun hannu ne, haruffansa a haɗe suke, wasula suna sama da ƙasa, kuma ƙa'idar rubutun takan bambanta daga malami zuwa malami. Irin waɗannan sai ƙwararru sun fara kwafe shafuka masu yawa da hannu, a horar da manhaja da su, kafin ta iya karanta sauran.