Shayin kayan ƙamshi na lokacin hutu: tambayoyi da amsoshi

Idan sanyi ya kankama, aka samu hutu gida ya cika da baƙi, tukunyar shayi ba ta sauka daga wuta. Ga abubuwan da masu haɗa shi a gida suka fi tambaya.

Me da me ake sawa?

Na mutum 4: ruwa lita 1, sandar kirfa 1, kanumfari 4, ɗanyar citta kamar girman babban yatsa a yanka ta siri-siri, ɓawon rabin lemu, da ganyen baƙin shayi ƙaramin cokali 4. Mai son ɗan yaji sai ya fasa masoro 3 ya jefa. A kula da ɓawon lemun: saman kawai ake ferewa, farin da ke ciki ɗaci ne zalla.

Na zuba komai a tukunya lokaci ɗaya, ya fito da bauri. Ina matsalar?

Nan yawanci ake yin kuskure. Kayan ƙamshi da ganyen shayi lokacinsu ba ɗaya ba ne. Kirfa ɓawon itace ce, kanumfari kuma busasshen toho ne, ba sa sakin ƙamshinsu sai sun ji wuta. Su ake fara sawa a ruwa, a rufe tukunya, in ya tafaso a rage wuta na minti 10 zuwa 15. Za ka ga ruwan ya koma ja-ja, sandar kirfar ta ɗan buɗe, kanumfarin ya kumbura. To a lokacin ne za a kashe wuta, a zuba ganyen shayi, a bar shi minti 3 zuwa 5, a tace. Idan ya wuce haka, sinadarin tanin da ke cikin ganyen ya yi yawa a ruwan, shi ne baurin nan da ke kama harshe. Kuma duk sukarin da aka labta masa ba ya ɓoye shi. Rufe tukunyar ma ba don kwalliya ba ne: ƙamshin yana bin tururi ya gudu. Ƙamshin da ya cika kicin, daga kofinka aka rage shi.

Garin kirfa zai yi idan babu sanda?

Zai yi, amma ba na so. Garin ba ya narkewa, yana yin yauƙi, ya kwanta a gindin kofi. In dole ne, rabin ƙaramin cokali ya isa, a ɗaure shi a tsaftataccen ƙyalle. Ita kirfar ma iri biyu aka fi sani. Ta Siri Lanka siririya ce, tana murmushewa a hannu, ƙamshinta a hankali. Ɗayar, wadda ake nomawa a Sin da Indunusiya, kauri gare ta da ƙarfi, kuma tana da sinadarin kumarin da yawa, wanda yawansa ke wahalar da hanta. Kofi ɗaya jefi-jefi ba komai, mai sha kullum ne zai kula.

Me ya sa harshena ya yi nauyi?

Kanumfari ya yi yawa. Man da ke cikinsa yana kashe jin zafi, shi ya sa ake ɗora shi a haƙori mai ciwo. Ɗaya ga kowane kofi ya wadatar.

Madara ko lemon tsami?

Zaɓi ɗaya. Tsami yana sa madara ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji a kofi a gaban baƙo. Ɓawon lemu ba ya yin haka, ruwansa ne ke yi.

Yara fa?

A ɗebi nasu kafin a zuba ganyen shayi, saboda kafeyin da ke hana barci. Ruwan kayan ƙamshin kaɗai da madara yana da daɗinsa. Zuma kuwa ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba.

Zan iya dafawa tun da safe?

Ruwan kayan ƙamshin za a iya, a tace shi a juye a filas. Ganyen shayin dai a jira sai baƙi sun zauna, a sake tafasa ruwan, sannan a zuba.