Cututtukan ƙwaƙwalwa masu bayyana a jiki

Akwai rukunin cututtukan ƙwaƙwalwa da ba sa fitowa da ruɗewar hankali, sai da ciwon jiki: ciwon kai ko na baya da ya ƙi ƙarewa, kasala, murɗawar ciki, bugun zuciya, shanyewar hannu ko ƙafa, wani lokaci ma har da ɗaukewar gani ko murya. Majinyaci yakan yi ta zaryar asibiti ana gwada jininsa, ana ɗaukar hoton jikinsa, amma ba a samu wata illa a gaɓoɓinsa da ta kai ta haifar da abin da yake ji ba. Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne ciwon na gaske ne. Mai shi ba ƙirƙira yake yi ba, kuma ba zai iya kawar da shi don ya ga dama ba.

Likitocin Turai sun daɗe suna kiran irin wannan yanayi histiriya, bisa tsohon zaton Girkawa cewa daga mahaifa yake tasowa. A shekarar 1859 likitan Faransa Paul Briquet ya wallafa nazarin da ya yi a kan majinyata 430 a birnin Paris, inda ya jingina cutar ga ƙwaƙwalwa maimakon mahaifa. Bayansa Jean-Martin Charcot ya zurfafa binciken a asibitin Salpêtrière, ya nuna cewa maza ma suna kamuwa. Sigmund Freud, wanda ya yi karatu a wajensa, shi ya yaɗa ra'ayin cewa damuwar da aka danne a zuci ce take rikiɗewa ta zama ciwon jiki.

A 1980 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware wa waɗannan cututtuka babi na kansu a bugu na uku na kundinta na DSM, mai jera cututtukan ƙwaƙwalwa da yadda ake gane su, ta kuma sa rashin samun dalili a jiki ya zama ginshiƙin gane su. Wannan ma'auni yana da rauni, domin rashin gano dalili a yau ba hujja ba ne cewa babu shi, ga shi kuma yana barin majinyaci da jin cewa an ƙaryata shi. Saboda haka bugu na biyar, na 2013, ya sauya hanya, kuma sauyin ya dace: abin dubawa yanzu shi ne yadda ciwon ya mamaye tunanin mutum, da tsananin fargabarsa, da lokacin da yake ƙararwa a kansa, galibi fiye da wata shida, ko da kuwa yana da wata cutar da aka tabbatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bi kusan wannan sahu a kundinta na jerin cututtuka, ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022.

Nau'in da ya shafi jijiyoyi ya fi sauran fitowa fili. A nan akan ga shanyewa, ko makyarkyata, ko faɗuwa mai kama da farfaɗiya wadda na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa ba ta nuna alamun farfaɗiya a lokacinta. Likita yana gane shi ne da alamomi tabbatattu, kamar gwajin Hoover, inda ƙafar da ta kasa motsi take danna ƙasa da ƙarfi da zarar an ce majinyaci ya ɗaga ɗayar. Wannan na nuna hanyar jijiyoyin lafiya lau take, saƙon ne yake tangarɗa. Akwai kuma nau'in fargabar cuta, wanda mai shi ba ya jin ciwon kirki amma tsoron mummunar cuta ya hana shi sukuni. Wanda ya ƙirƙiri ciwo da gangan don neman kuɗi ko gudun aiki ba ya cikin wannan rukuni.

Ba abu ɗaya ke jawo waɗannan cututtuka ba. An fi ganinsu ga mata, da waɗanda suka sha cin zarafi ko rashin kulawa a ƙuruciya, da masu ciwon damuwa, ko da yake wasu majinyatan ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Magani yakan fara ne da likita guda da zai riƙa ganin majinyaci a kai a kai, ya saurare shi, ya yi masa bayani ba tare da raini ba, ya kuma taƙaita gwaje-gwaje da tiyatar da ba su da amfani, domin su kansu suna iya cutarwa. Ana haɗawa da jinyar tattaunawa mai gyara tunani da ɗabi'a, da motsa gaɓoɓi ga masu shanyewa, da magungunan damuwa idan akwai buƙatarsu. Duk da haka wajibi ne a duba kowace sabuwar alama da kyau, tun da mai wannan cuta ma yana iya kamuwa da wata ta daban.