Yadda ake raba jerin rubutu gida-gida a Python

Ina da jeri ɗaya na kalmomi, ina so ya koma jeri da yawa. Ta ina zan fara?

Fara tantance abin da za ka raba da shi. Wani yankawa uku-uku yake so, wani fasa kowane rubutu, wani kuma ware kalmomi bisa kamanninsu. Kowanne da hanyarsa.

Yankawa uku-uku fa?

Wannan layi ɗaya ya isa:

`[jeri[i:i+3] for i in range(0, len(jeri), 3)]`

Kalmomi 10 za su ba ka jeri huɗu, na ƙarshe da kalma ɗaya tilo. Python ba ya ƙorafi idan yankan ya zarce ƙarshen jeri. Tun fitowar Python 3.12 a 2023 akwai `itertools.batched` mai yin wannan aikin.

Rubutuna irin "ja,5" da "kore,8" ne. Yaya zan ware launi daban, adadi daban?

A nan ne sababbin hannu suka fi tuntuɓe. Ka fasa kowane rubutu a kan waƙafi, sannan `zip` ya tara na farko wuri guda, na biyu wuri guda:

`launi, adadi = zip(*[r.split(",") for r in jeri])`

Sai dai `zip` kan tsaya ne a tsawon mafi gajarta. Idan wani rubutu ya zo da abu uku, na ukun zai salwanta shiru, ba ko gargaɗi. Daga Python 3.10 kana iya ƙara `strict=True` don shirin ya tsaya ya sanar da kai. Ni dai gara shiri ya tsaya min da ya cinye bayanai a ɓoye. Kuma wannan "5" ɗin har yanzu rubutu ne, sai ka bi ta `int` kafin ka yi lissafi da shi. In kuwa akwai waƙafi a cikin bayanan kansu, bar `split`, koma `csv`, kayan aikin Python na karanta bayanan da aka raba da waƙafi.

Na gwada `groupby` na `itertools` don haɗa masu harafin farko iri ɗaya, sai rukuni ɗaya ya fito sau biyu. Me ya jawo?

Maƙwabta kawai yake haɗawa. Idan "ado" da "aku" suna da "baki" a tsakaninsu, zai ɗauke su rukuni biyu. Ko dai ka fara jera su da `sorted`, ko ka yi amfani da `defaultdict(list)`, wato ƙamus ɗin Python mai buɗe sabon jeri da kansa ga kowane sabon harafi, ka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya kana jefa kowace ƙarƙashin harafinta.