Fileya da yoyon haske a kamarar dijital

Fileya da yoyon haske matsaloli ne guda biyu da ke ɓata hoto ta hanyar shigo da hasken da ba a gayyace shi ba, kuma a ido suna iya kama da juna sosai, wani farin hazo ko jan zane ko ɗigon kore a gefen hoto. Amma ta inda suke shigowa daban ne. Fileya ta gaba take shigowa, ta cikin lensi, tare da hasken da ya zana hoton, sai dai ita a hanya ta yi ta karo da gilasai tana komawa baya tana dawowa kafin ta sauka a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto. Shi kuwa yoyon haske bai bi ta hanyar da hasken hoton ya bi ba, ta wata kafa ya kutso, ko tagar leƙe ta baya da ake ɗora ido a kai ko bakin kamara inda ake ɗaura lensi ko wata tsaga a jikinta. A kamarar dijital mafi yawan abin da mutane ke kuka da shi wai kamararsu na yoyo, in aka bincika fileya ce kawai, yoyo na gaske yana faruwa amma ba kasafai ba, kuma yana da irin yanayin da yake son fitowa.

Yadda fileya ke samuwa

Duk fuskar gilashin da ba a shafa masa komai ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata. Ba yawa kamar, to amma lensi ba gilashi ɗaya ba ne, na zum da yawa suna ɗauke da gilasai 15 zuwa 20 ko fiye, kowanne da fuska biyu. Ko gilasai 10 ne kawai ba shafi, fiye da rabin hasken ba zai wuce kai tsaye ba, wani ya koma waje wani kuma ya yi ta yawo a ciki har ya isa sensa a wurin da ba nasa ba. Wannan ne ya sa masu ƙera lensi na da suke takura kansu ga gilasai kaɗan. A 1935 Alexander Smakula, masanin kimiyya ɗan Yukiren da ke aiki da kamfanin Carl Zeiss a garin Jena na Jamus, ya fito da hanyar shafa wa gilashi wani siririn shafi mai rage mayar da haske, har aka riƙe abin a matsayin sirrin soja na wasu shekaru. Shafi mai hawa ɗaya yana sauko da kashi 4 ɗin nan zuwa wajen 1 da ɗoriya, daga baya aka zo da mai hawa-hawa, irin wanda Pentax ta fitar a 1971 mai hawa bakwai, ya sauko da shi ƙasa da rabin kashi 1. Duk da haka ba a kashe fileya ba, an dai rage ta ne, don rana ta fi inuwar da ke cikin hoto haske ninkin ba ninkin, ko ɗan ƙanƙanin kasonta ya ɓata hanya ya isa ya bayyana.

Kala biyu take zuwa. Akwai ta hazo, wadda ba ta da siffa, kawai za ka ga hoton ya yi fari-fari, baƙi ya daina zama baƙi ya koma toka-toka, kala ta dushe. Ita ce mai ruɗa mutane don ba lallai rana ta fito a cikin hoton ba, ta iya kasancewa a can gefe kaɗan wajen firam, wato iyakar abin da hoton ya kama, tana dukan gilashin gaba a karkace. Datti, shatin yatsa, funfuna ko hazon da ke kama tsohon lensi daga ciki duk suna ƙara ta. Sai kuma ta fatalwa, wato ɗigo-ɗigon nan masu zagaye ko masu kusurwa biyar, shida, bakwai, kore ko shunayya ko ruwan lemo. Kusurwoyin nan ba daga sama suka faɗo ba, siffar ramin afaca ce, wato ƙofar cikin lensi da ake tsukewa ko buɗewa don daidaita haske, in lensi na da ganyen afaca shida ka tsuke shi to fatalwar ma kusurwa shida za ta yi, in ka buɗe shi gaba ɗaya sai ta koma zagaye. Kalar kuma daga shafin gilashin take.

Abu mafi amfani da za a riƙe game da fatalwa shi ne ba ta zama inda ta ga dama. Jere take yi a kan miƙaƙƙen layin da ya taso daga fitilar ko ranar ya ratsa ta tsakiyar firam. In rana na sama ta dama, nemi ɗigon a hanyar da ta gangara ƙasa ta hagu. In kuma an ɗaura filta a gaban lensi, musamman mai araha da ba shi da shafin kirki, to da dare za ka ga kowace fitilar titi ta haifi 'yar uwarta a ɗaya ɓangaren hoton, nisan ta da tsakiya daidai da na uwar, a kife. Koren ɗigon nan da ke fitowa a hoton waya in an ɗauki rana ko fitila shi ma ɗan gidan nan ne.

Dijital ta ƙara wata da fim bai cika fama da ita ba. Sensa da gilashin da ke rufe da ita suna ƙyalli fiye da fim, haske kan daki sensa ya koma gilashin baya na lensi ya sake dawowa, sai ka ga jajayen ɗigo sun yi sahu-sahu kamar raga kewaye da rana, yawanci in an tsuke afaca zuwa f/16 ko f/22 (in lambar ta ƙaru ramin na ƙara tsukewa). Wannan ma fileya ce. Tauraron da fitila ke yi mai tsinke-tsinke kuwa wani abu ne daban, lanƙwasar haske ce a bakin ganyen afaca, ganye shida tsinke shida, ganye bakwai tsinke 14, ba lalacewa ba ce.

Yoyon haske

A zamanin fim abin ruwan dare ne, saboda bayan kamara ƙofa ce da ake buɗewa kullum, kuma soson da ke toshe gefenta yana ruɓewa da shekaru. Hasken da ya shigo ta bayan fim mai kala yakan bar ja ko ruwan lemo, shi ne ma wannan jan zanen da manhajojin waya ke kwaikwaya yanzu don ado. Kamarar dijital ba ta da wannan ƙofar, shi ya sa a hoton yau da kullum, irin na 1/250 na daƙiƙa, da wuya ka taɓa ganin yoyo ko da kafar tana nan. Lokaci yake buƙata.

Babbar kafar a kamarar DSLR, wato mai madubi a ciki da ke kai hasken lensi zuwa ido, ita ce tagar leƙe. Lokacin ɗauka madubi yana ɗagawa ya toshe hanyar, amma toshewar ba ta kai ɗari bisa ɗari ba, in idonka na kan tagar ba matsala fuskarka ta tare, in kuwa kamara na kan ƙafa uku ka ja baya rana na dukan bayanta, haske na silalowa ta gefen madubin. Sai a haɗa da filtar ND, wato baƙin gilashin da ake ɗaurawa a gaban lensi, mai sitof 10, wadda ke rage hasken gaba sau 1024 don a samu buɗe shota, labulen da ke buɗe wa sensa haske, na daƙiƙa 30 ko minti biyu da rana tsaka, to an danne hasken halal ɗin sau dubu shi kuwa na bayan ba wanda ya taɓa shi, sai ya fito ɓaro-ɓaro, yawanci wani shunayyan zane ko hazo a kwance a tsakiyar hoto. Kamfanonin sun san da wannan tuntuni, shi ya sa Nikon ke saka ɗan murfi DK-5 a kwalin kamarori da yawa, Canon kuma wata 'yar baƙar roba a jikin igiyar wuya wadda akasarin mutane ba su ma san aikinta ba, manyan kamarori irin Nikon D850 kuwa da ɗan makulli a gefen tagar da ke rufe ta daga ciki. Ko ba dogon buɗi ba, hasken tagar na iya ruɗa mitar awon haske hoto ya fito da duhu. Kamara mara madubi ba ta da wannan matsalar, tagarta ƙaramin sikirin ne kawai ba hanya tsakaninta da sensa.

Sauran kafofin su ne adafta mai sako-sako da ake haɗa lensin wani kamfani da ita, 'yar tagar nan ta lambobin nisa a jikin wasu lensi, mariƙin filta mai kusurwa huɗu in ba soso a bayan filtar, da jikin kamarar da ta taɓa faɗuwa. Wani lokaci kuma daga masana'anta ne. A 2012 Canon ta amsa cewa fitilar ƙaramin allon saman EOS 5D Mark III na iya canza awon haske in ana cikin duhu sosai, mita abin ya shafa ba sensa ba. A 2014 Fujifilm ta karɓi wasu X-T1 don gyara saboda haske na shiga ta wurin ramukan soka kebul in murfin gefe na buɗe. Na Nikon D750 ya fi ban sha'awa don shi a tsakiya ya tsaya, hasken ta lensi ya shigo, amma a cikin jikin kamara ya yi karo, sai fileyar ta fito da wani baƙin yanki a saman hoto in fitila mai ƙarfi na daf da bakin firam, a farkon 2015 kamfanin ya fara gyara kyauta, ana duba abubuwan tare haske a kuma daidaita zaman sensar da ke saita fokas.

Yadda ake gane wanne ne

Tun kafin a je ga gwaji hoton kansa na ba da labari. Fileya na bin fitila, ka juya kamara kaɗan ta motsa, ka sa hannu ko hular lensi, wato rumfar da ake ɗaurawa a bakinsa, ka yi wa gilashin gaba inuwa ta ɓace nan take kana kallo a sikirin, ka canza lensi ta canza kama ko ta tafi. Yoyo kuwa jikin kamara yake bi, a wuri ɗaya yake zama a firam ko me aka ɗauka, ba shi da kusurwoyin afaca, kuma a sikirin kafin ɗauka ba a cika ganin sa ba sai hoto ya fito.

Afaca ma alƙali ce mai kyau, a ganina ma ta fi sauran alamun. Tunda yoyo bai bi ta ramin afaca ba, tsuke ta ba ya rage shi ko kaɗan, hasali ma ƙara shi yake, don in ka tashi daga f/8 zuwa f/16 dole ka ninka lokacin shota sau huɗu kafin hoton ya yi haske ɗaya, shi kuma yoyon ya samu lokaci ninki huɗu yana taruwa. In aka ɗauki hoto biyu masu haske ɗaya, ɗaya gajeren lokaci ɗaya dogo, tabon ya yi ƙarfi a dogon bai kuma canza siffa ba, to a fara zargin kafa.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na murfi. A rufe gaban lensi, a sa kamara a manuwal, wato saitin hannu, ISO, ma'aunin ƙarfin jin haske, sama kamar 6400, shota daƙiƙa 30, a ɗauka a wuri mai haske. Fileya ba ta da ta yi in ba haske ta gaba, saboda haka in hoton ya fito baƙi ƙirin babu yoyo, magana ta ƙare. In wani abu ya fito sai a shiga ɗaki mai duhu da tocila, a riƙa haska wuri ɗaya a kowane ɗauka, tagar leƙe tukuna, sannan zagayen bakin kamara, tagar lambobin lensi, murafun gefe, allon sama, har a kama inda tabon ke tashi. A cire lensi a sa murfin jiki a sake, don a san ko laifin lensi ne ko na kamara. Wasu murafun roba fa su kansu ba sa tare haske duka, gara a ƙara baƙin ƙyalle a kai. Kuma a tuna hoto a kife yake sauka kan sensa, tabon da ke saman hoto ta dama yana nufin ƙasan sensa ne ta ɗaya gefen, mutane da yawa a nan suke ɓata lokaci suna liƙa tef a inda ba nan ba.

Akwai kuma masu shigar burtu, ba fileya ba ba yoyo ba. In an rufe komai an shiga duhu ba tocila amma har yanzu wani shunayyan haske na fitowa a kusurwa a dogon buɗi, wannan ɗumin kayan lantarkin da ke jikin sensa ne, yana ƙaruwa da zafi da tsawon lokaci, masu ɗaukar taurari sun san shi sarai, maganinsa ɗaukar baƙin firam, wato hoto na biyu mai tsawon lokaci ɗaya ba tare da haske ba, a cire shi daga hoton, abin da saitin rage hayaniyar dogon buɗi ke yi da kansa, shi ya sa ma ake kashe saitin lokacin gwaji. Filtar ND da ke barin hasken infirared, wanda ido ba ya gani, ya wuce tana rina hoto duka ja-ja ko ruwan ƙasa, ba yanki ɗaya ba. ND mai juyawa in an kai ta ƙarshe tana zana baƙin X. Tsofaffin sensa na CCD kan ja farin layi a tsaye daga kan fitila har ƙasa musamman a bidiyo. Shota da ta fara mutuwa kuma tana barin farin zane a kwance, amma ita a saurin gudu irin 1/2000 ko 1/4000 take nunawa, kishiyar yoyo ke nan.

Magani

Na fileya sananne ne, hular lensi, goge gilashi, cire filtar kariya in ana fuskantar fitila, ko matsawa taku ɗaya. In rana na cikin firam ɗin kanta hula ba ta da amfani, sai dai a ɗauki hoto biyu a kan ƙafa uku, ɗaya da yatsa a kan ranar, a haɗa su a kwamfuta. Masu shirya fina-finai da yawa ma nemanta suke da gangan, lensin anamofik na silima da shuɗin zanensa a kwance ai don haka ake son sa. Yoyo kuwa toshewa ne kawai, murfin taga, baƙin tef ko baƙin ƙyalle a kan kamara lokacin dogon buɗi, adafta mai sako-sako a canza ta, in kuma jikin ne ya tsage ko bakin ya lanƙwashe sai wurin mai gyara, a tafi masa da hotunan gwajin murfin da saitin da aka ɗauke su da shi.