Waiwaye: Yadda muryar 'yan kasuwar Sakkwato ta hau kan data ba tare da shiri ba

Duk wanda ya zauna a rumfar dillalan albasa, ko ya tsaya gindin lemar masu POS a Sakkwato, ya ji wannan gardama. Wani ya ce a koma wa kiran kati, domin shi idan ya shiga ya shiga. Wani ya ce kati ya zama sai mai hali, kiran WhatsApp ya fi sauƙi, abin da ya rage kawai maigida ya sa waifai a shago da sito, yara su riƙa kira a kai. Na uku ya ce shi ya sa waifan, amma da zarar yaro ya taka daga ofis zuwa inda ake lodi sai murya ta tsinke. Gardamar ta ƙara zafi tun watan Janairun 2025, lokacin da aka amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da na data, bayan fiye da shekara goma ba a taɓa farashin ba. Shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka a nan abin ya faro. Ƙarin kuɗin dai ya sa an zauna an yi lissafi, amma ciwon ya girme shi da shekaru.

Farkon labarin kowa ya san shi, ba sai an ja shi ba. Kafin 2001 layukan tarho a duk Najeriya dubu 400 ne da 'yan kai, kuma wanda ke da lamba mai farawa da 060 a gidansa sananne ne a unguwa. Mai son jin yadda albasa ta kwana a Legas sai ya roƙi tarhon wani, ko ya jira direban da ya dawo daga hanya. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane ɗaya dala miliyan 285, a watan Agusta kira ya fara shiga. Minti ɗaya naira 50, layi kansa sai an zube dubbai. A 2003 aka fara cajin kira da sakan, masu lemar kiran kuɗi suka cika bakin tituna, filashin ya zama yaren da kowa ke ji. Kafin shekara goma ta cika, direban tirela da ɗan kabu-kabu da mai kai fata kudu duk sun riƙe waya.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe game da kiran wancan zamani. Kamar shatar mota yake. Idan ka buga aka ɗauka, an ware muku hanya ku biyu har ku gama magana, ba wanda zai shigo muku. Wahalarsa ita ce samun shiga, ranar kasuwa ko ranar Sallah sai ka buga sau goma. Amma idan ya shiga, muryar ɗan'uwanka za ta zo maka a jere.

Abin da ya sauya al'amarin ya zo ba tare da ganga ba, kuma ban taɓa jin an ambace shi a cikin wannan gardama ba. A watan Agustan 2013 manhajar WhatsApp ta ƙara wani ɗan maɓalli mai hoton makirfo: ka danna ka riƙe, ka yi magana, ka saki, saƙo ya tafi. A ƙasashen da kowa ke rubutu a waya, wannan ƙarin ado ne kawai. A wurinmu ƙofa ce aka buɗe. Kafin lokacin, intanet ta ɗalibai ce da ma'aikatan ofis, masu BlackBerry da masu hira a 2go, wato waɗanda yatsunsu suka saba da boko. Attajirin da ya sauke Alƙur'ani, yake riƙe lissafin buhu ɗari biyar a kansa, yake rubuta bashi da ajami, ba shi da abin yi a wurin da sai an tsaya ana tsintar haruffa. Da saƙon murya ya zo, sai ya zamana abin da ya fi ƙwarewa a kai, wato magana, shi kaɗai ake nema daga gare shi. A daidai waɗannan shekarun ne kuma wayoyin Android masu araha, masu cin layi biyu, irin su Tecno da itel, suka malale kasuwa.

Na ga yadda abin ya kasance a wajen kawuna, wanda ke sayen albasa daga wajejen Goronyo da Wurno yana turawa kudu. Da can sai ya loda katin dubu ya ƙare kafin azahar, yana bin direba da dillali da yaran da ya tura ƙauye. Wani ɗansa ya saka masa manhajar, ya nuna masa inda zai danna. Cikin mako guda aikin ya koma can gaba ɗaya. Yaro zai ɗauko hoton albasa a gona ya haɗa da murya: "Baba, ga ta nan, ta bushe sosai, mai ita ya ce ba ya ragewa." Direba zai aiko daga hanya: "Alhaji, mun wuce Yauri, in Allah ya so Kwantagora za mu kwana." Kawu ya saurara idan ya idar da salla, ya mayar da amsa. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar cewa daga yau cinikin gidan nan ya koma kan intanet. Haka aka wayi gari an koma, kuma haka ta faru a kasuwar Kara wajen masu dabbobi, da wajen masu shinkafa, da masu kai kaya Illela ranar Lahadi.

Dalilin da ya sa na daɗe a kan wannan shi ne, saƙon murya mai haƙuri ne. Idan direba ya yi magana a dajin da ba sabis, saƙon zai zauna a wayarsa da ɗan hoton agogo a gefe, sai motar ta kusanci wani ƙarfen sabis ya tashi ya tafi. Ko ya yi minti goma a hanya, cikakke zai iso, ba harafin da zai faɗi. Ga shi kuma ya zama shaida: idan aka yi musu kan farashin da aka tsayar, sai a sake kunna shi kowa ya ji. Saboda haka duk raunin da sabis ɗinmu ke da shi, saƙon murya ya rufe masa asiri. Mutane suka yarda da data ɗari bisa ɗari, alhali abin da suka gwada ta da shi abu ne da ba ya nuna aibinta.

A 2015 manhajar ta kawo kira kai tsaye, a 2016 ta ƙara na bidiyo. Wuri ɗaya ne, kore ɗaya ne, sunan mutum ɗaya ne a sama, don haka kowa ya ɗauka abu ɗaya ne. Ga kuma araha, tunda minti ɗaya na kiran murya bai kai megabayit ɗaya ba, kuma kiran Ƙonni ko Yamai daidai yake da kiran unguwar Mabera a nan Sakkwato. Ga mutanen da rabin cinikinsu da danginsu ke tsallaken iyaka, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga laifin wanda ya rungume shi ba.

Sai dai kiran intanet ba shata ba ne, lodin tasha ne. Wayar na yayyanka muryarka ƙulli-ƙulli, wajen hamsin a kowane sakan, kowane ƙulli ya nemi wuri a hanyar da bidiyon wani da taransifar wani da hotunan bikin wani suke bi. Idan hanya ta cushe, wani ƙulli ya makara, wani ya ɓace. Shi kuwa kira ba ya jiran wanda ya makara, zubar da shi ake yi a wuce, domin maganar da ke bayansa ta riga ta iso. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta daɗe da ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150, wato kusan kashi ɗaya cikin bakwai na sakan. Idan ya zarce haka da yawa sai mutum biyu su fara karo, kowa ya yi shiru lokaci ɗaya, kowa ya fara lokaci ɗaya. Daga nan "mi kac ce?" ta zama rabin hirarmu. A hirar zumunci wannan abin haƙuri ne. A ciniki kuwa, "arba'in da biyar" da "hamsin da biyar" bambancinsu kalma ɗaya ce, kuma lambar asusu goma ce cif, idan ɗaya ta faɗi a hanya kuɗi sun tafi wani gida.

To ita hanyar da aka ɗora wa wannan kaya fa? Manyan igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Legas mafi yawansu suka sauka, Main One da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano a 2022. Daga can zuwa Sakkwato tafiyar kusan kilomita dubu ce, kuma igiyar fayiba a gefen titi take binne, inda aikin hanya ko zaizayar damina ko mai haƙa ya isa ya katse ta. Ƙarfen sabis kuma wuta yake ci dare da rana, mafi yawa daga janareta da batir, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Manyan kamfanonin waya sun kawo 4G a 2016, an yi gwanjon 5G a ƙarshen 2021, amma mai yawon kasuwannin ƙauye ya san cewa da ya bar babban titi wayarsa kan faɗo zuwa ƙaramin sabis, wanda ke ɗaukar kiran kati lafiya amma ya gaza da na data. Sau biyu aka ga iyakar abin ƙarara. A Satumbar 2021, da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda dalilan tsaro, kati da data tare suka ɗauke, domin ƙarfe ɗaya ke ɗauke da su, mutane suka koma tafiya mai nisa don aika saƙo guda. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma igiyoyi huɗu suka lalace a cikin teku daura da Kwaddebuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, wanda ya jingina cinikinsa kacokan da kiran data ya ji a jikinsa.

Masu cewa a sa waifai suna da hujja, musamman yanzu da sola ta yawaita kuma intanet ta tauraron ɗan'adam, Starlink, ta shigo ƙasar tun Janairun 2023. A sito mai rufin kwano da katanga mai kauri, ko asibiti, ko otal, ko kamfanin sarrafa shinkafa, sabis ɗin waje ba ya ratsawa sosai, na'urar cikin gida ce mafita. Amma waifai an fara ƙera shi ne don datar kwamfuta, ba don murya ba. Sai a 2005 aka fitar da ƙa'idar da ke ba murya fifiko a kan sauran kaya, sai a 2008 aka fitar da wadda ke sa waya ta tsallaka daga wannan na'ura zuwa waccan da sauri ba tare da kira ya yanke ba. Manyan ma'aikatu da ke ɗora kiran ma'aikatansu a kan waifai suna auna kowane lungu kafin su kafa na'urori, su tabbatar da'irar ɗaya ta shiga ta ɗaya, su ware wa murya hanyarta daban da ta baƙi. A wurinmu abin da aka saba shi ne a sayo na'ura guda a ɗora a kan kantar shago, a ba kowa lambar sirri, har maƙwabta. Ga shi zangon da yawancin ƙananan na'urorin ke aiki a kai, wanda ake kira 2.4 GHz, tashoshi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna. Layin kasuwa mai shago talatin, kowa da tasa, sun zama masu shela talatin a rumfa ɗaya. Wancan mutumin da ya ce muryar yaronsa na tsinkewa a bakin mota, abin da ke faruwa shi ne wayar ta fita daga da'irar waifai tana neman komawa kan datar layi, a tsakanin nan maganar ke zubewa.

Akwai wani gado da 2013 ta bar mana wanda ya fi tsinkewar murya ci mini rai. Tunda ba da shiri aka koma ba, lambar da abokan ciniki suka sani ta yaron shago ce, wadda aka yi wa rajista da sunansa, kuma tun Disambar 2020 aka fara ɗaure ta da lambarsa ta NIN. Saƙonnin farashi, da alkawuran bashi, da hotunan rasit, duk a wayarsa suke. Ranar da ya tashi ya buɗe nasa shagon, ko aka sace wayar a tasha, shekarun da maigida ya yi yana tara jama'a sun bi ta. Tun 2018 akwai WhatsApp Business, wato nau'in manhajar da aka yi don 'yan kasuwa, akwai kuma tsarin da ake ba kamfani lamba ɗaya ta riƙa ringi a wayoyin ma'aikata da yawa ta intanet duk inda suke, amma a cikin gidajen cinikin da na sani kaɗan ne suka raba lambar gida da ta yaro.

Kawu dai har yau bai sa waifai ba. Bayan wani lodi da aka sauke a inda ba nan ya ce ba, saboda rabin maganarsa ya faɗi a hanya, ya saya wa kowane direba ƙaramar waya mai maɓalli da layin da shi ya yi wa rajista. Hoto da labarin hanya a turo ta babbar waya. Kuɗi da wurin sauke kaya kuwa sai an kira shi da kati, bayan an ajiye kuma a maimaita adadin a saƙon murya.