Waiwaye: Yadda Sefti Na Biyu Ya Daɗe Yana Juya Akalar Tsaro a Gasar NFL

A watan Satumbar 2024, Mel Kiper, mai sharhi a tashar ESPN, ya nemi a hana ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ajiye sefti biyu, wato masu tsaron ƙarshe a baya, can nesa da layin da ake fara wasa, wai sun kashe jifa mai nisa, wasa ya rasa armashi. An yi masa ca, amma maganarsa ta taɓo wata gardama da ta girmi yawancin 'yan wasan yau. A ƙwallon Amurka kowane ɓangare mutum 11 ne, masu hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, kuma hanya biyu ce gare su: su ruga da ƙwallo ta ƙasa, ko su jefa ta sama. Masu tsaro ba su da mutanen da za su toshe duka biyun a lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa. Kusan duk wani sabon tsari da aka fito da shi cikin shekara hamsin amsa ce ga tambaya guda: ina za a ajiye sefti na biyu?

Lissafin ba shi da wuya. Masu hari suna jera ƙarti biyar a gaba, santa a tsakiya, gad biyu, takul biyu, sai tayit-en ya maƙale a gefe ya zama na shida. Mutum shida a jere suna buɗe kafa bakwai da mai gudu da ƙwallo zai iya kutsawa. Idan suka kuma baza risiba uku, wato masu cafe jifa, a fili, dole masu tsaro su fitar da kona uku, masu gadin risiba, su bi su. Saura takwas: huɗu a layin gaba, lainbaka biyu a bayansu, sefti biyu can baya. To ga kafa bakwai, ga mutum shida a kusa. In sefti ɗaya ya sauko, kowace kafa ta samu mai ita, sai dai mutum guda aka bari yana gadin bayan filin da faɗinsa ya haura yadi 53. In duka biyun suka tsaya a baya, sama ta rufu, ƙasa kuma akwai kafar da ba kowa.

Kafin 1978 wannan lissafi bai cika damun kowa ba. Tsarin 4-3 (huɗu a layin gaba, lainbaka uku) da Tom Landry ya gyara a New York Giants cikin shekarun 1950, da 3-4 (uku a layin gaba, lainbaka huɗu) da ya bazu a shekarun 1970, duk don tare gudu aka gina su, saboda jifa ba ta da ƙarfi sosai. Kona yana iya bangazar risiba a cikin fili muddin ƙwallo ba ta bar hannun mai jefa ta, wato kwatabak, ba. Mel Blount na Pittsburgh Steelers, dogo mai ƙarfi, ya shahara da wannan har aka riƙa kiran dokar da ta biyo baya da sunansa. A 1978 aka taƙaita taɓa risiba cikin yadi 5 na farko. Wanda ya wuce nan hukuncinsa yadi 5 da sabuwar dama ta farko. A shekarar ce kuma aka bar masu kare kwatabak su miƙe hannuwa su buɗe tafi. Bayan shekara shida Dan Marino, kwatabak ɗin Miami, ya jefa yadi 5,084 da tacdawun 48, wato kai ƙwallo gidan abokan hamayya, a kaka guda.

Amsar farko ita ce a murƙushe kwatabak kafin ya ɗaga hannu. Buddy Ryan, mai kula da tsaron Chicago Bears, ya fito da tsarin 46, sunan da ya samo daga lambar rigar seftinsa Doug Plank. Ya ɗora mutum uku kai tsaye a kan santa da gad biyu, ta yadda babu mai iya taya ɗan'uwansa, ya tara lainbaka biyu a gefe guda, ya sauko da sefti ya zama na takwas a gaba. Kona biyu kowa ya riƙe nasa shi kaɗai. A 1985 Bears sun ci wasa 15 cikin 16, suka lallasa New England da 46 da 10 a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar. Wasa ɗayan da suka faɗi shi ya fi koyar da darasi: a Miami, cikin Disamba, Marino ya baza risiba uku, ya riƙa sakin ƙwallo da wuri, lainbaka ya samu kansa yana bin ɗan ƙaramin risiba da ya fi shi gudu. An tashi 38 da 24. Da sauran ƙungiyoyi suka gane haka, 46 ya koma abin da ake ɗauko wa lokaci-lokaci.

Dick LeBeau, wani kocin tsaro, ya nemi tsakiya. A Cincinnati cikin shekarun 1980, sannan a Pittsburgh daga 1992, ya gyara dabarar kai wa kwatabak farmaki da mutum biyar ba tare da an bar baya a buɗe ba: uku suna gadin nesa, uku suna gadin kusa, wani ƙaton layin gaba ya yi kamar zai shiga sai ya ja da baya ya tsaya daidai inda kwatabak ya saba jefa ƙwallon gaggawa. Sefti guda ne dai a sama.

Tsarin da ya shahara da ajiye sefti biyu a baya a matsayin abincin yau da kullum shi ne Tampa 2. Tony Dungy ya buga sefti a Pittsburgh a 1977 da 1978, ya koyi tushen abin a hannun Chuck Noll da Bud Carson, sannan shi da Monte Kiffin suka kafa shi a Tampa Bay daga 1996. Kowane sefti yana da rabin fili. Kona yana tare risiba a bakin layi, ya tura shi ciki wajen sefti, sannan ya zauna yana gadin gefen kusa. Rabon gida biyu yana barin rami a tsakiya, sai aka ɗora wa lainbakan tsakiya aikin juya ƙugu ya zura da gudu har yadi 15 ko 20 ya toshe shi. Mutum huɗu kawai ke bin kwatabak, don haka dole cikinsu a samu wanda ba ya taruwa. Warren Sapp ke nan, wanda ke tsayawa a kafaɗar waje ta gad ya ratsa kafa guda ba ya waiwaye. A bayansa Derrick Brooks yana share duk jifar da aka yi gajera. A Janairun 2003, bayan Dungy ya bar ƙungiyar, sun cafke jifar Oakland sau biyar a Super Bowl, suka ci 48 da 21.

Inda Tampa 2 ke ɓaci sananne ne. Akwai rami a bakin layin gefe, bayan kona kafin sefti ya iso, wajen yadi 15 zuwa 20. Kwatabak mai ƙarfin hannu yana zura ƙwallo nan. Akwai kuma tayit-en mai gudu da zai tsere wa lainbakan tsakiya. Idan huɗun gaba ba su takura wa kwatabak ba, zama zai yi yana zaɓe. Sannan doka ta sake taɓa shi. Bayan wasan Janairun 2004 da New England suka cafke jifar Peyton Manning, kwatabak ɗin Indianapolis, sau huɗu, uku a hannun Ty Law, Indianapolis suka yi ƙorafin riƙe-riƙe, hukumar gasar ta umarci alƙalai su tsaurara dokar yadi 5. A kakar da ta biyo Manning ya jefa tacdawun 49.

Sai abin ya sake juyawa. Pete Carroll a Seattle ya dawo da sefti ɗaya a sama, aka raba baya gida uku: kona biyu a gefuna, sefti a tsakiya. Seftin tsakiyar, Earl Thomas, yana da gudun da zai taso daga tsakiya ya kai bakin layi kafin ƙwallo ta sauka. Sefti na biyu, Kam Chancellor, mai jikin lainbaka, shi ke saukowa ya cike kafar da ta rage, ya kuma tsorata duk mai ratsa tsakiya. Richard Sherman da sauran dogayen kona suna matse risiba tun daga layi. Kaka huɗu a jere, 2012 zuwa 2015, babu ƙungiyar da aka ci maki kaɗan kamarsu. A Fabrairun 2014 suka gamu da Denver, wadda ta tara maki 606 a kakar, suka doke ta 43 da 8.

Ƙungiyoyi suka yi rububin kwashe mataimakan Carroll: Gus Bradley zuwa Jacksonville a 2013, Dan Quinn zuwa Atlanta a 2015, Robert Saleh zuwa San Francisco a 2017. Zanen tsarin yana da sauƙin kwafa, amma kama da wane ba ta wane, Earl Thomas ba a kowace kasuwa ake samunsa ba. Masu hari kuma suka samo lagonsa. Risiba huɗu su miƙe gaba ɗaya, sefti guda ya rasa wanda zai bi cikin biyun tsakiya. Mafi muni shi ne abin da kocin San Francisco Kyle Shanahan da kocin Los Angeles Rams Sean McVay suka ƙware a kai: kwatabak ya yi kamar zai miƙa wa mai gudu, lainbaka su yi taku biyu gaba, risiba ya ratsa fili a karkace ta bayansu, ƙwallo ta same shi ba kowa kusa. Tunda tsarin ba ya ɓoye kansa, kwatabak ya san abin da zai gani tun kafin a fara.

Ɓoye tsari ita ce gudummawar kocin tsaro Vic Fangio. Seftinsa biyu suna tsayawa wajen yadi 10 zuwa 12 a kusan kowace dama, fuska guda, sai bayan santa ya saki ƙwallo suke nuna aikinsu. Wani lokaci a raba baya gida huɗu, wani lokaci gefe ɗaya gida biyu ɗayan kuma rabi sukutum, wani lokaci ɗaya ya sauko ɗaya ya koma tsakiya. A rabon gida huɗu sefti yana kallon risiba na biyu daga waje: in ya miƙe ya wuce lainbaka, nasa ne, in ya karya waje, sefti ya juya ya taya kona, in ya tsaya yana tare mutum, gudu ne, sefti ya sauko ya cike kafa ta bakwai. Ba fili kawai ake gadi ba, ana bin mutum gwargwadon hanyar da ya ɗauka, dabarar da Nick Saban da Bill Belichick suka yi aiki a kanta a Cleveland farkon shekarun 1990. Su kuma 'yan layin gaba ba sa ratsawa irin ta Sapp. Kowa yana riƙe kafarsa, yana leƙen rabin ta kusa, don a jinkirta mai gudu har sefti ya iso.

A Disambar 2018 Bears ɗin Fangio suka tsayar da Los Angeles Rams a maki 6, suka cafke jifar kwatabak ɗinsu Jared Goff sau huɗu. Wata biyu bayan nan, da New England suka gamu da Rams a Super Bowl, kocinsu Belichick ya ɗauki wani ɓangare na darasin, ya haɗa da jera mutum shida a layi, ya kuma riƙa jinkirta nuna tsari har sai na'urar da koci ke magana da kwatabak ta katse, wato saura daƙiƙa 15 a agogon wasa. New England suka ci 13 da 3. McVay da kansa ya ɗauko almajirin Fangio, Brandon Staley, a 2020.

Misalin da ya fi fito da bambancin shi ne wasanni biyu na Tampa Bay da Kansas City. A Nuwambar 2020 Todd Bowles, mai kula da tsaron Tampa Bay, ya bar kona guda da risiban Kansas City Tyreek Hill, sefti ɗaya a sama. Hill ya ci yadi 203 a kashin farko cikin huɗu na wasan kaɗai, ya ƙare da 269. A Fabrairun 2021, a Super Bowl, Bowles, wanda aka sani da son farmaki, ya danne zuciyarsa ya ajiye sefti biyu a baya kusan duk wasan. Kansas City ba su da manyan takul ɗinsu biyu saboda rauni, huɗun gaba suka wadatar. Kwatabak ɗin Kansas City, Patrick Mahomes, bai jefa tacdawun ko ɗaya ba, aka tashi 31 da 9. Daga nan kowa ya koma rufe sama, a bar masu hari su yi ta cin yadi biyar-biyar, da fatan kafin dama goma sha biyu za su yi kuskure.

Tsarin yana da tsada ta wani wajen. Yana buƙatar magana: da risiba ya taso daga wannan gefe zuwa wancan, lissafin wane ne na ɗaya wane ne na biyu ya sauya, in sefti da kona ba su ji juna ba mutum zai fita shi kaɗai. Idan sefti ya cika zumuɗin saukowa, a jefa ta bayansa. Idan 'yan gaba ba su da nauyin riƙe kafa da rabi, a bi ta kansu. Staley ya gamu da wannan da ya zama babban koci a Chargers, aka sallame shi a Disambar 2023 washegarin da Las Vegas ta ci su 63 da 21. Masu gudu da ƙwallo, waɗanda aka ɗauka darajarsu ta faɗi, suka farfaɗo: a 2024 Saquon Barkley ya ci yadi 2,005, Derrick Henry 1,921.

Duk da haka, a kakar 2024 ɗin ce Fangio, yana kula da tsaron Philadelphia, ya nuna tsarin a cikakkiyar sifarsa. A Fabrairun 2025, a Super Bowl da Kansas City, Philadelphia ba su kai farmaki da ƙarin mutum ko sau ɗaya ba, amma suka kayar da Mahomes sau shida, saboda Jalen Carter, Milton Williams da Josh Sweat sun fi ƙarfin masu tare su. Bakwai suka zauna a baya, sabon shiga Cooper DeJean ya cafke jifa ya kai ta gida, aka tashi 40 da 22. Zanen bai bambanta sosai da wanda ya kayar da Staley ba. Mutanen layin gaba ne suka bambanta.

Yanzu gardamar ta koma kan wanda ke tsayawa a gurbi na biyar na masu gadin baya, wanda ake kira nikel, sunan kwabon senti biyar na Amurka. A da sai ana tsammanin jifa ake shigo da shi. Yau yana fili a fiye da rabin damammakin wasa. Masu hari sun fara shigo da tayit-en biyu ko uku don su tilasta zaɓi: a bar ƙaramin kona a danne shi da gudu, ko a sa lainbaka a tsere masa. Shi ya sa ake neman irin Kyle Hamilton na Baltimore, mai tsawon ƙafa 6 da inci 4, wanda zai tsaya a nikel a wannan dama, ya cike kafa kamar lainbaka a ta gaba, ya koma sama ya zama sefti na biyu a ta uku ba tare da koci ya canza kowa ba.